Manniru Janareta da Kuɓewar Bayan Laburare

A kwalejin nan da ke hanyar Kuje, in ka tambayi Malam Manniru Sani sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Manniru Janareta, nan take mai gadin ƙofa zai miƙa hannu ya nuna maka wani ɗakin kwano can ƙarshen makaranta, wanda hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin. Ba ma sai an nuna maka ba. In yana nan za ka jiyo shi tun daga nesa, don Manniru bai iya magana a hankali ba. Ko ina kwana ya ce maka, sai ka ɗauka wani laifi ka yi masa jiya.

Ba haka aka haife shi ba. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, ya shigo Abuja yana saurayi a bayan motar tumatir. Ya yi dako, ya yi tallan rake a baro a tashar Utako. Wani makanike da ke gefen tashar ya lura cewa duk lokacin da aka buɗe inji, sai mai rake ya saki baronsa ya zo ya tsaya yana leƙe, masu saye na ta kira ba ya ko waiwaye. Rannan dai ya ce masa in kallon ne, gara ya riƙa yi da sifana a hannu. Da kwaleji ta sayi ƙaton janareta tana neman mai kula da shi, wannan makaniken ne ya kai sunansa.

Manniru ya raɗa wa injin suna Tsohuwa, tun ma tana sabuwa fil. Ya zuba mata mai, ya canza mata matacin mai, ya goge ta, ya lallashe ta ranar da ta tashi da rigima. Nefa na ɗauke wuta, shi ne mutum na farko da ake tunawa da shi a makarantar, kuma na ƙarshe da ake tunawa a gode wa. A gefen Tsohuwa yake cin abinci, a gefenta yake amsa waya. Ƙararta ce ta koya masa ɗaga murya har abin ya zama jiki. Matarsa Kubra takan ce ranar da ya je zance wurinta ya ce yana son ta, sai da unguwa gaba ɗaya ta sani kafin mahaifinta.

Kowa ya ɗauka Manniru ba shi da abin ƙauna a duniya kamar injin nan. Gaskiyar magana kuwa ya gaji. Yana son Tsohuwa irin son da ake yi wa tsohuwar da ta addabi gida. Farar riga ba ta kwana fara a jikinsa. Tari ya kama shi ya ƙi saki. Kubra ce kaɗai ta san abin da ya fi damunsa, don ita ya taɓa gaya wa: tun da ya baro ƙauye bai ƙara jin kukan kurciya da rana tsaka ba, alhali ga su nan yana ganinsu a kan bishiyar darbejiya, wuyansu na motsi.

Sai ga Injiniya Kauthar. Malama ce a sashen lantarki, 'yar siririya, mai sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Ta daɗe tana bin hukumar makaranta a kan a rage ƙona man dizal da hayaƙin da yake turnuƙe ɗalibai, har dai suka gaji suka ce ta gwada da laburare da babban ɗakin lacca. Ba da sola ta fara ba. Ta fara da sa a cire tsofaffin ƙwayayen fitila masu zafi kamar garwashi, aka sa waɗanda ba sa shan wuta. Tagogin da aka buga wa ƙusa tun zamanin da aka sa esi mai sanyaya ɗaki, ta sa aka ɓalle su, sai ga iska tana ratsa laburare, ɗalibai suna mamakin ashe ginin yana da tagogi. Aka yi wa rufi farin fenti. Esi ya rage a ɗakin kwamfuta kaɗai, sauran wurare fanka. Sai da ginin ya rage haɗama sannan aka kawo farantan sola, aka jera su a bayan laburare, a kan wani tsohon dandamalin siminti, bisa ƙafafun ƙarfe da ba su wuce ƙugun mutum ba.

Da ƙafarta ta taka har ɗakin janareta. Ta ce masa in abin ya yi kyau za a yi wa sauran gine-ginen, Tsohuwa ta koma ta ko-ta-kwana, shi kuma ya koyi kula da batura. Ta miƙa masa makullin ɗakin baturan.

Daɗi ya kama Manniru har wuya. Ya buɗe baki ya ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya nuna mana ranar!"

Matsalar ita ce yadda abin ya fito. Masu wucewa sun ji tsawa, sun ga Injiniya ta ja da baya, ba su ji kalmomin ba. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Manniru ya yi wa Injiniya ihu saboda za ta raba shi da abincinsa. Har jaje aka riƙa zuwa yi masa. Ya yi ta rantsuwa cewa murna yake yi, amma murnar da ake rantsuwa a kanta da ƙaraji, wa zai yarda da ita?

Da damina komai ya tafi daidai, duk da gajimare. Manniru ya rataya makullin nan a wuya da igiya, kullum da safe ya shiga ɗakin batura ya share, ya karanta 'yan fitilun yadda Injiniya ta koya masa. Sai da ruwa ya ɗauke, kaka ta yi, rana ta buɗe sosai, lokacin da ya kamata sola ya ƙoshi, sannan abin ya birkice. Da azahar ta gabato sai fankoki su fara jan ƙafa, can sai su tsaya cak. Ɗalibai su fito suna fifita da littattafai. Manniru ya kwasa a guje zuwa ƙarshen makaranta ya ta da Tsohuwa.

Injiniya takan duba farantan da sassafe kafin ta shiga aji, ta sake dubawa da yamma. Kullum tas take samun su, suna ƙyalli, ko kashin tsuntsu babu. Ta zargi waya, ta zargi batir. Ta kira kamfanin da ya haɗa, suka zo da yamma bayan sun sha cunkoson hanya, suka auna, suka ce lafiya lau. Su kuwa mutanen makaranta ba su sha wahalar aune-aune ba. Wa zai yi asara in sola ya yi aiki? Wa ke riƙe da makulli? Wa ya yi wa Injiniya tsawa? Ba wanda ya faɗa a gabansa. A masallaci ne bayan sallama wani ya dafa kafaɗarsa yana murmushi ya ce, "Allah dai ya bar ka da Tsohuwarka." Manniru ya fahimta, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi da bai taɓa ɗaukar ko cokalin dizal zuwa gida ba, yau shi ake yi wa kallon mai zagon ƙasa.

Rannan da yamma Oga Innocent, shugaban sashen ayyuka, ya kira shi ofis. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa na da faɗi.

"Manniru, zauna. Ni ban ce kai ne ba o. Madam Injiniya sef ta ce ba kai ba ne. Amma mutane suna magana, ka gane? Ka ba ni ki ɗin, har mu ga yadda abu zai tafi."

Manniru ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye a kan tebur. Ya juya ya fita.

A nan ne Maman Vivian take shigowa labarin. Sunanta Rosemary, Bagwariya ce daga Kwali, ita ce babba a cikin mata masu sharar makaranta. Ba ta ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa, kamar yadda ta gada, kuma in ka tambaye ta dalili za ta ce kai ya riga ya ɗauki tunani, ba a ƙara masa kaya. Ita da abokan aikinta suna noma filayen makaranta da ba a gina ba: kuɓewa, barkono, yakuwa, ɗan rogo. Tsakaninta da gidan Manniru an wuce maƙwabtaka. Ita ta zauna da Kubra a asibiti ranar haihuwar fari. Da Salla a kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko da shinkafa. Duk kaka kuma sai ta kawo musu busasshiyar kuɓewa, duk kaka sai Manniru ya tauna tsakuwa a miya ya yi mita, ita kuma ta ce haƙoransa ne suka tsufa.

Ranar da aka karɓe makullin, Kubra ta ajiye masa tuwo bayan magariba, ya zauna yana kallonsa.

"Baban Muhibba, ka ci mana. Kuɓewar Maman Vivian ce. Bana ko yashi babu, ban ma tankaɗe ba."

Ya ci don kada ta damu. Ya tauna a hankali yana jiran tsakuwar da ya saba, har ya kai ƙarshen malmala bai gamu da ita ba. Ko a cikin baƙin cikinsa sai da abin ya ba shi mamaki.

Washegari da safe ya tarar da ita tana sharar gaban laburare.

"Maman Vivian, an gode da kuɓewa! Bana kin tuba da zuba mana tsakuwa ke nan?"

"Malam, rage murya, ni ba a Kwali nake ba, ga ni a gabanka," in ji ta. "Ba ni ba ne, sabon tebur ne. Allah ya yi wa Madam Injiniya albarka. Kubewa yana bushe shap-shap, kaza ba ya hawa, ƙasa ba ya shiga."

"Wane tebur?"

"Tebur na gilashi mana, na baya."

Manniru ya ji wani abu ya tsarga masa tun daga ƙeya. Ya jira hantsi ya yi, lokacin da mata suka gama shara, ya zagaya bayan laburare. Shi bai taɓa zuwa wurin a wannan lokaci ba, don a lokacin yana can yana hidimar Tsohuwa. Abin da ya gani ya fi kasuwar ƙauye kyau. An shimfiɗa buhuna da tsofaffin zannuwa a kan farantan sola daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an danne gefe da duwatsu. Ga yankakkiyar kuɓewa kore shar, ga barkono ja wur, ga zoɓo, ga farin rogo. Ko tafin hannu na gilashi ba a bar wa rana ba.

Ashe dandamalin nan wurin shanyarsu ne tun kafin a haifi wasu ɗaliban. Da aka kafa farantan, ƙasa ta zama inuwa, sama kuwa ga abu sumul, a karkace kaɗan, yana kallon rana. Me mace mai hankali za ta ɗauka? Sukan shanya bayan shara, su kwashe kafin la'asar, sannan su goge gilashin da tsumma mai laushi, don kada a ce ba su san darajar kyauta ba.

Manniru ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya yi tari, ya sake dariya.

"Maman Vivian, wannan ba tebur ba ne! Rana yake ci, shi ne yake ba laburare wuta!"

"To kubewa fa? Shi ma ai rana yake ci."

Sai da ya nuna mata wayoyin da ke ƙarƙashi sannan ta dafa ƙirji ta kira sunan Yesu. A nan dariyar Manniru ta tsaya. Matan nan ba ma'aikatan dindindin ba ne, kalma ɗaya ta isa a sallame su. In ya je ya faɗa, ya wanke kansa, su kuma Allah kaɗai ya san makomarsu. In kuma ya sa suka kwashe a ɓoye, wuta za ta daidaita washegarin ranar da aka karɓe masa makulli, kuma ya san sarai abin da za a ce. Ya dubi Maman Vivian, wadda ta riƙe hannun matarsa a asibiti, ya ji ba zai iya tona mata asiri ba.

"Ku kwashe maza," in ji shi, yana iya ƙoƙarinsa ya yi raɗa. "Akwai tsofaffin kwanukan rufi a wurina, zan ɗora muku a kan durom. Kada wanda ya ji."

Bai gaya mata zancen makulli ba.

Ranar fankoki suka yi ta juyi har yamma. Kashegari ma haka, da wanshekare. Injiniya ta yi murna amma ta kasa gane dalili, abin yana cin ta. Sauran jama'a kuwa sun gane tsaf. An karɓe makulli, wuta ta gyaru. Masu tausayi suka riƙa kawar da kai in sun hango shi, marasa tausayi suka riƙa gaishe shi da fara'a fiye da kima. Manniru ya rame. Yana zaune a ƙofar ɗakin Tsohuwa, ita shiru shi shiru, amma ko shirun da ya daɗe yana roƙo bai ji daɗinsa ba.

Kubra ta matsa masa har ya gaya mata, bayan ya sa ta yi alkawari ba za ta kai wa Oga ko Injiniya ba. Ta cika alkawari. Wurin Maman Vivian ta tafi, tun da ba a ambaci sunanta a ciki ba.

An ce Maman Vivian ta saurara har ƙarshe, ta ɗaure zaninta tamau, ta ce, "Wannan mutum, babban murya, ƙaramin wayo."

Ba ta je ofis ta durƙusa ba, don ta san magana a bayan ƙofa ba ta goge maganar da ta zaga gari. Washegari da hantsi ta jera matanta, kowace da ƙwarya a kafaɗa, suka ratsa ta tsakiyar makaranta ana kallonsu. Suka shanya kayansu a kan farantan, har da wanda ya riga ya bushe, suka nemi inuwa suka zauna. Da fankoki suka fara jan ƙafa, can ƙarshen makaranta aka ji Tsohuwa ta yi tari ta tashi, sai Maman Vivian ta aika a kira mata Oga Innocent da Injiniya. Ɗaliban da zafi ya koro daga laburare suka biyo baya.

"Oga, ga ɓarawon wuta," in ji ta, tana nuna kuɓewa. "Ni ne na sa shi. Malam Manniru ya kama mu, ya rufe bakinsa don kar a kore mu. In kora ne, a fara da ni."

Injiniya Kauthar ta dubi barkono, ta dubi wayarta mai nuna ƙarfin wuta, ta sake duban barkono. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, ta riƙe ƙarfen farantin don kada ta faɗi.

"Mama, wa zai kore ku? Mu muka zo muka zauna muku a wuri ba ko sallama. Na auna rana, na auna ƙasa, ban tambayi masu wurin ba."

A nan take ta yi wa matan alkawarin ɗalibanta za su ƙera musu akwatin shanya mai murfin gilashi, nasu na kansu, wanda ba kaza ba ƙasa. Kuma an ƙera, yana nan har yanzu a gefen farantan, 'yan sashen lantarki na alfahari da shi kamar su suka ƙirƙiro kuɓewa.

Oga Innocent ne kaɗai bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi. Ya laluba aljihu, ya juya ya nufi ƙarshen makaranta, jama'a suka bi shi ɗuu, Maman Vivian a gaba, mata na kwashe shanya a baya.

Manniru yana tsaye a gefen Tsohuwa, tana ta ruri, hayaƙi na tashi. Ya hango taro ya nufo shi da Oga a gaba, ya ce a ransa yau dai kora ce. Oga ya iso ya fara magana, bakinsa na motsi ba a jin komai. Ya ƙara murya, a banza. Ya cika ƙirji da iska, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Shi kuwa Manniru, ganin babba yana wahala, ladabi ya sa ya miƙa hannu ya kashe injin.

Shiru ya sauka daidai lokacin da maganar ta fito.

"MANNIRU, KA YAFE NI! BA KAI BA NE! MUN YI MAKA ƘARYA!"

An ji ta a laburare. An ji ta a masallaci, inda ake alwalar azahar, har wanda ya taɓa dafa masa kafaɗa ya tsaya da buta a hannu. Mai gadin ƙofa ya rantse shi ma ya ji. Kubra, da ke tsaye a bayan taro da mayafi a baki, ba ta buƙaci a maimaita mata ba.

Oga da kansa ya rataya masa igiyar makullin a wuya. Manniru ya shafa shi, idanunsa suka cika. A kan darbejiya wata kurciya ta yi kuka, ta sake yi, kuma ya ji ta sarai. Ya daɗe yana saurare, jama'a na jiran tsawar da suka saba.

"Na ji, Oga," in ji shi, a hankali, da wata murya da ko Kubra ta manta yana da ita. "Na yafe. Ba sai ka ɗaga murya ba."